Fatar Kifin Shak: Hoton Bincike Mai Kama da Aikin Mai Zane

Duk wanda ya ga hoton fatar kifin shak da aka ɗauka da madubin ilektiron zai rantse aikin mai zane ne: ƙananan ɓawo masu kama da haƙora, jere reras, kowanne da tsagi a bayansa, tamkar ɗinkin hula. Alhali matsalar jiragen ruwa ce ta kai masana gare shi.

Jirgi in ya daɗe a teku, gansakuka da ƙananan halittu masu ɓawo sukan manne wa cikinsa, su rage masa gudu, su ƙara masa shan mai. An daɗe ana maganinsu da fenti mai gubar TBT, har ta illata noman kawa a gaɓar Arcachon ta Faransa a ƙarshen shekarun 1970. Hukumar Sufurin Teku ta Duniya ta amince da yarjejeniyar haramta ta a 2001, ta fara aiki a 2008.

Neman mafita marar guba ya kai Farfesa Anthony Brennan na Jami'ar Fulorida, wanda rundunar sojan ruwan Amurka ke tallafa wa bincikensa, ga tambayar me ya sa shak ba ya yin gansakuka. Ya kwaikwayi tsarin fatar a kan roba, da tsage-tsagen da ido ba ya gani, ya sa masa suna Sharklet. A gwajin ɗakin bincike, ƙwayoyin gansakukar Ulva kaɗan ne suka samu wurin zama a kansa.

Sha'awar kyan waɗannan halittu tsohuwa ce. Ernst Haeckel, Bajamushe, ya zana masu ɓawon nan a kundinsa na siffofin halitta da ya fito tsakanin 1899 da 1904, kuma masu zane sun kwashi fasali daga gare shi.

Sai dai akwai abin lura ga jami'in da irin hoton nan zai iso teburinsa a bangon takardar neman tallafi. Madubin ilektiron ba ya ganin launi. Toka-toka yake fitar da hoto. Shuɗi da ruwan zinaren da ke ɗaukar ido, mutum ne ya shafa su da kwamfuta, wani lokaci don bambanta ƙwayar halitta da farfajiyar da ta hau, wani lokaci don burgewa kawai. Kuma fili ne da bai kai kan allura ba, wanda mai binciken ya zaɓa da kansa daga cikin masu yawa. Shi kuwa cikin jirgin dakon mai ya fi filin ƙwallo faɗi, ga shi yana shafe shekaru a ruwan gishiri kafin a fito da shi a sake masa fenti.