Daga Adjamé zuwa Treichville: aron hannun da ba naka ba

Ranar wata Juma'a a cikin damina muka tashi daga Treichville da gawar wani dattijo, za mu kai shi makwancinsa a maƙabartar Williamsville. Motoci shida ne a jere, tawa ce ta uku. Mun haye gadar De Gaulle lafiya, sai da muka shigo Adjamé muka tarar da wata gbaka ta mutu a tsakiyar hanya, apiranti na tsaye yana ɗaga hannu. Motar gawa ta karkata hagu ta wuce, ta biyu ta bi ta. Ni ma ban duba komai ba, na bi. Ashe wani mai turin amalanke, wadda a nan ake kira wotro, ya fito daga gaban gbakar da buhunan albasa. Birkin da na taka shi ya cece mu. Tsakanina da ƙafarsa bai kai taku ɗaya ba.

Baffan da ke zaune kusa da ni bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi: "Malam, gawa ɗaya muka ɗauko, ita kaɗai za mu kai."

Duk mai tuƙi a Abijan ya san ba yadda za a yi ka wuni a hannunka. Ga gbaka da woro-woro masu tsayawa inda suka ga fasinja, ga kayan 'yan kasuwa da suka cinye rabin titi a kewayen Forum, ga ruwan da ke taruwa a Indénié idan sama ta sako, ga sahun masallata da ke fitowa har kwalta ranar Juma'a. Dole wani lokaci ka ari hannun wani. Amma aro ne, kuma mai hannun yana tafe.

Kuskurena a ranar shi ne bin ido. Na ɗauka tunda na gaba ya wuce, hanya a buɗe take. Shi abin da ya gani ya riga ya canza kafin in iso. A ayarin jana'iza ko na ɗaurin aure wannan ya fi muni, don kowa na tsoron a bar shi a baya, sai motoci biyar su shiga hagu kamar an ɗaure su da igiya ɗaya.

Ga lissafin da na zauna na yi daga baya. Mota mai gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa. Ka ce za ka wuce bas ɗin SOTRA mai tsawon mita 12 da ke tafiya a kan 30. Da tsawonsa da na motarka da tazarar gaba da baya, kana buƙatar daƙiƙa shida ko fiye. A cikinsu ka ci wajen mita 85, wanda ke tahowa ta gabanka shi ma ya ci haka. Ke nan sai ka hango fili na kusan mita 170 kafin ka fita. Don Allah a ina za ka samu wannan a Boulevard Nangui Abrogoua da ƙarfe biyar na yamma? A Treichville ma, inda aka yanka unguwa layi-layi, avenue na gicciye rue, kafin ka gama wuce mota ɗaya ka iso wata mahaɗa, kuma doka ba ta yarda a yi ta wuce-wuce a inda ba a ganin mai fitowa ba.

Yanzu abin da nake yi ba wani sabon ilimi ba ne, an koya mana shi tun a makarantar tuƙi, mu muka watsar. Ina tsayawa nesa da abin da ya tare ni, don wanda ya manne da bayan gbaka ba ya ganin komai sai ƙarfe. In duba madubi, in waiwaya da wuya saboda masu babur, in kunna sigina, sannan in fita. Idan farin layin tsakiya a haɗe yake babu yankewa, ba ni ba wuce mota mai tafiya. Motar da ta tsaya kuwa, a hankali nake gifta ta, ƙafa a kan birki, don gabanta ne mutum ke ɓullowa. Idan wani ya taho a hannunsa, ni ne mai jira, ko da na baya za su fasa min kunne da oda.

Akwai kuma batun aljihu. Tun watan Satumba na 2021 kamarori ke ɗaukar laifin direbobi a Abijan, saƙon tara ya iso maka a waya. Daga 1 ga Maris 2023 kuma permi ya zama mai maki 12, wasu laifuka na zabge su. Ga ɗan'uwanmu da ke ci da iyalinsa daga taksi ko dakon kaya tsakanin Adjamé da tashar jirgin ruwa, ƙarewar makin nan rufe shago ne.

Makon jiya aka sake kiran mu rakiya Williamsville. Kafin a tashi na roƙi liman ya faɗa wa direbobi cewa duk wanda aka yanke daga ayari ya taho a hankali, ba za a rufe kabari ba sai ya iso. Motoci biyu sun makara da kusan minti goma, muka tsaya a inuwa muka jira su.