Tsatsar da Ba ta Kano Ba

Motar ba ta cika wata shida a hannun maƙwabcina ba birkinta ya shanye. Yana fita daga layinmu da safe ya taka, ya ji ƙafarsa ta tafi har ƙasa. Allah ya taƙaita, a hankali yake tafiya. 'Yar Kwatano ce, fentinta na sheƙi, cikinta tsaf.

Da aka hau da ita rami a gareji, bakaniken ya leƙo ya ce, "Alhaji, sauko ka gani da idonka." Siririn bututun ƙarfen da ke kai man birki ƙafafun baya ne ya huje. Ba shi kaɗai ba: ƙarafan ƙasan motar duk sun yi ja, ana taɓa su da sukuddireba suna zubowa ɓawo-ɓawo. A ina ta samo wannan? Kano tana fin rabin shekara ba ɗigon ruwan sama, kuma akwai motocin da suka shekara talatin a garin nan, ƙasansu ƙura ce kawai.

Alhaji ya ce iskar teku ce, tunda a jirgin ruwa aka kawo ta. Bakanike ya girgiza kai. Tafiyar jirgi 'yan makonni ce, tsatsar da ta yi hawa-hawa kuwa aikin shekaru ce. Sai zargi ya koma kan ambaliya, don ana shigo da motocin da ruwa ya taɓa shanyewa. Aka ɗaga kafet, aka duba ƙarƙashin kujeru, aka shinshina. Babu laka, babu warin danshi, ƙarafan da kujeru ke gudu a kai fes suke. Ruwa bai taɓa shiga cikinta ba.

A nan ne bakaniken ya yi abin da ya burge ni: ya daina tambayar yawan tsatsar, ya koma bin inda ta zauna. Ta fi ƙarfi a kogon tayoyi, da bayansu, da maƙalan da ke riƙe bututun birki, da duk lungun da caɓi zai iya maƙalewa. Ke nan tayoyi ne suka yi ta watso abin daga kan titi, shekara da shekaru.

Yaron bakaniken ne ya tsinto sauran. A bayan ragar gaban motar akwai wata igiyar wuta a naɗe, da kan soket a bakinta, ɗaya ƙarshen ya shige jikin injin. Alhaji ya ɗauki hoto ya tura wa ƙaninsa da ke karatu a Kanada. Amsa ta zo: "Yaya, na ɗumama inji ne. Da dare muke jona shi da lantarki don mota ta tashi da safe." Da aka binciki tarihinta da lambar shasi, sai ga rajistar lardin Ontariyo.

Gishiri ne. A can, da zarar hunturu ya kama, manyan motoci ke bin tituna suna barbaza shi, domin ruwan gishiri ba ya daskarewa a sifili. Kanada na zuba kimanin tan miliyan 5 a shekara, kuma babbar mahaƙar gishiri ta Goderich, a ƙarƙashin tafkin Huron, a Ontariyon take. Ƙarfin gishirin da muka sani yana raguwa idan sanyi ya wuce digiri 10 ƙasa da sifili, sai a haɗa da wasu irinsa, kamar kalsiyam kilorayid. Waɗannan sun fi illa ga ƙarfe, don suna jawo danshi daga iska, wurin da suka maƙale ba ya saurin bushewa.

Sauran ƙulli ɗaya. Bakaniken ya ce ya sha gyara motocin Kanada masu irin wannan igiyar, ƙasansu lafiya lau, wasu ma da maiƙo-maiƙo. Me ya raba su? Ƙanin Alhaji ya warware: wanki. Mai kula yana kai motarsa wurin da ake feso ruwa daga ƙasa, akai-akai cikin hunturu, musamman ranar da sanyi ya ɗan sassauta don kada ƙofofi su daskare, kuma duk shekara yana sa a fesa mata man kariya daga tsatsa. Marar kula yana wanke saman da ido ke gani. Idan kuma yana kwantar da ita a gareji mai ɗumi da gishirin a jikinta, ƙanƙarar ta narke, tsatsar ta ƙara sauri. A 2015 hukumar kiyaye haɗurran tituna ta Amurka, bayan dogon binciken ruɓewar bututun birki, ta shawarci masu motocin ƙirar 2007 zuwa baya a jihohin da ake zuba gishiri a tituna su riƙa wanke ƙasan motocinsu, su kuma sa a duba bututun.

Alhaji ya so a canza wanda ya huje kawai. Bakanike ya ƙi, kuma ina ganin gaskiyarsa, domin sauran ma gishiri ɗaya suka sha. Aka canza bututun birki gaba ɗaya, da na fetur, aka wanke ƙasan da ruwa mai ƙarfi don fitar da abin da ya rage a lunguna kafin damina ta tayar da shi, sannan aka kankare aka shafe.