Wayarka ta ce ba ta buƙatar afdet? Duba kwanan watan da ke ƙasa

Akwai wani saƙo da wayoyin Android ke nuna wa mutum idan ya shiga saitin ya danna wurin sabuntawa. Sai ta ɗan yi juyi, ta ce komai daidai ne, babu wani sabon abu da za a sauke. Yawancinmu da mun ga haka hankali ya kwanta. To amma saƙon nan fuska biyu gare shi. Ko dai ka riga ka sauke sabuntawar da ta fito kwanan nan, ko kuma kamfanin da ya ƙera wayar ya daina aiko mata da komai tun shekara uku da suka wuce. A duka biyun rubutu iri ɗaya za ka gani.

Bambancewar ba ta da wuya. Shiga saitin, ka nemi wurin da aka rubuta About phone, ka shiga bayanin Android. A nan za ka ga kwanan watan da wayar ta karɓi facin tsaro na ƙarshe. Idan bai wuce 'yan watanni ba, to ana kula da ita. Idan ka ga shekara biyu ko uku a baya, wayarka ta zama marainiya, ko da kuwa gilashinta bai taɓa tsagewa ba.

Ga ɗalibi wannan ba ƙaramar magana ba ce. A cikin wayar nan guruf ɗin aji yake, inda ake sanar da sauya lokacin lakca da ranar gwaji. A cikinta manhajar banki take, wadda kuɗin da aka turo daga gida ke shiga. Ga imel, ga hotunan takardu, ga lambar sirrin shafin rajista na makaranta. Kuma ba kowa ke da halin canza waya don kawai wani kamfani a wata nahiya ya ce ya gama da ita ba.

Mutuwar farat ɗaya da ta sannu a hankali

Yayyenmu da suka yi zamanin musayar fin na BBM sun ga irin ta farko. Ranar 4 ga Janairun 2022 kamfanin BlackBerry ya kashe hidimomin da tsofaffin wayoyinsa suka dogara da su, ya kuma faɗa ƙarara cewa daga ranar ba shi da tabbacin kira ko tes ko data za su yi aiki yadda ya kamata. Masu Nokia Lumia ma haka suka ji a jikinsu. WhatsApp ya daina aiki a wayoyin Windows a ƙarshen Disambar 2019, a Janairun 2020 kuma Microsoft ya fitar da sabuntawa ta ƙarshe ga Windows 10 Mobile. Shawarar da kamfanin da kansa ya bai wa masu wayoyin ita ce su koma Android ko iPhone. A nan babu wata dabara, gidan ne gaba ɗaya aka rushe.

Irin ta biyu ita ce ta shafe mu. Android bai mutu ba, iOS ma yana nan, zubin da ke kan wayarka ne aka wuce aka bari. Irin wannan wayar ba ta tsayawa rana ɗaya. Za ta ci gaba da kira, ta ci gaba da TikTok, sai abubuwa su riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya. Daga 24 ga Oktoban 2023 WhatsApp ya daina aiki a duk wayar da ke ƙasa da Android 5. A 2025 ya ɗaga sharaɗinsa a iPhone zuwa iOS 15.1, wanda ya fitar da iPhone 5s da 6 da 6 Plus, tunda su a iOS 12 suka tsaya. Burauzar Chrome ma a 2025 ta daina sabuntuwa a Android 8 da 9.

Akwai ma wata matsalar da ke rikita mutane, su yi ta zagin netwok. Shafukan intanet da yawa suna amfani da takardar shaidar tsaro ta wata cibiya mai suna Let's Encrypt, wayoyin da ke ƙasa da Android 7.1.1 kuma ba su da tushen wannan shaidar a cikinsu. Tun 2024 irin waɗannan wayoyi suke ƙin buɗe shafukan, su ce haɗin ba shi da aminci. Ga data, ga sabis, amma shafi ya ƙi.

Me ya sa kamfanin ba zai ci gaba da aikowa ba kawai? Saboda sabuntawar Android ba hannu ɗaya take bi ba. Google ne ke fitar da gyaran. Kamfanin da ya ƙera masarrafar wayar, irin su Qualcomm da MediaTek da Unisoc, sai ya daidaita nasa ɓangaren. Sannan mai sunan da ke bayan wayar ya haɗa, ya gwada, ya turo. Kowane mataki kuɗi ne da ma'aikata, wayar da aka riga aka sayar kuma ba ta sake kawo ko sisi. Da ɗaya daga cikinsu ya janye, shi ke nan. Shi ya sa wayoyi masu araha suka fi saurin zama marayu, su ne kuma suka fi yawa a hannunmu.

Shi facin tsaro na wata-wata ma tsoro ne ya haife shi. A 2015 aka gano wata ɓaraka da aka sa wa suna Stagefright, wadda ta shafi wayoyin Android kusan miliyan 950, ana iya kutsawa cikin waya ta hanyar saƙon hoto ko bidiyo ba tare da mai ita ya taɓa komai ba. Bayan nan ne Google da Samsung suka fara fitar da faci duk wata. Abin lura shi ne, duk facin da aka fitar ana bayyana ramin da ya toshe. 'Yan kutse ma suna karantawa. Wayar da aka daina yi wa faci, ramukanta a rubuce suke, kuma ƙaruwa suke yi.

Abin da har yanzu yake hannunka

Ba duka ne ya tsaya ba, nan ne sauƙin yake. Waya hawa-hawa ce. Babbar manhaja ita ce ta ƙasa, ita ce ta daskare. Amma ƙananan manhajojin da ke kanta ta Play Store suke sabuntuwa, ba ruwansu da kamfanin da ya ƙera wayar, kuma sukan ci gaba shekaru bayan an yi watsi da babbar. Na san dalilin da ya sa da yawanmu muke kashe sabuntawar: data. Gaskiya ne tana ci. Amma ko ba za ka sabunta komai ba, ware abu huɗu ka riƙa yi musu duk lokacin da ka samu wayifai ko datar dare: burauza, da WhatsApp, da manhajar banki, da wata mai suna Android System WebView. Wannan ta ƙarshen ba ta da tambari a fuskar waya, amma ita ce ke buɗe shafukan intanet a cikin sauran manhajoji. Ta waɗannan ƙofofin yawancin abin da ke shigowa daga waje yake bi.

Idan wayarka Android 10 ce ko sama, kana da ƙarin gata. Tun 2019 Google ya ɓalle wasu sassan babbar manhajar ya mayar da su yadda zai iya gyara su kai tsaye, ba sai ya jira kamfanin waya ba. A saitin, ɓangaren tsaro, za ka ga Google Play system update da nasa kwanan watan daban. Danna shi, sau da yawa akwai abin da ke jira, sai dai ka kashe wayar ka kunna. Bai maye gurbin cikakken faci ba, amma da babu gara ba daɗi.

Wanda Chrome ta daina sabuntar masa ya gwada Firefox. Ta fi haƙuri da tsofaffin wayoyi, kuma tana zuwa da jerin takardun shaidarta, don haka shafukan nan da suke ƙin buɗewa sukan buɗe a cikinta.

Sai maganar da na san ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Idan manhaja ta ƙi sauka daga Play Store, abin da muka saba shi ne a ce wa aboki "turo min ta Xender", ko a je wani shafi a sauko da fayil ɗin APK, ko a koma GBWhatsApp da 'yan uwansa. An gudu ba a tsira ba ke nan. Manhajar da wani da ba ka sani ba ya buɗe ya sake ɗinkewa, ka ɗora ta a kan wayar da ba ta da faci, ka ba ta izinin karanta saƙonninka da lambobinka, a wayar da lambar OTP ta banki ke shigowa. Shi kansa WhatsApp yana rufe layukan da ya kama suna amfani da irin waɗannan kwafin. A ganina wannan ɗabi'ar ta fi tsufan wayar haɗari nesa ba kusa ba.

Canza babbar manhajar gaba ɗaya

Akwai masu cewa a cire ta kamfani a sa wata. Ana yi, kuma abin burgewa ne. LineageOS, wadda ta gaji CyanogenMod a ƙarshen 2016, aikin 'yan sa-kai ne da ke ɗora sabon Android a kan wayoyin da masu su suka manta da su. Haka Ubuntu Touch: kamfanin Canonical ya ajiye ta a 2017, wasu masu sha'awa ƙarƙashin UBports suka ɗauka, har yau suna kai.

Sai dai kafin ka ɗauki wayarka ka nufi Farm Centre, ga abin da ya kamata ka sani. LineageOS tana da jerin wayoyin da take tallafawa a shafinta, yawancinsu Pixel ne da Xiaomi da Motorola da OnePlus da wasu Samsung. Da wuya ka ga Tecno ko Infinix ko itel a ciki. Kafin a sa ta sai an buɗe makullin da kamfani ya ɗaure wayar da shi, wanda masu gyara ke kira butloda, buɗewar kuma tana goge duk abin da ke cikin wayar. A Samsung tana barin alamar da ba ta gogewa a tsarin tsaronsa na Knox. Wasu manhajojin banki da sun ga an buɗe makullin sai su ƙi tashi. Sannan ko an sa sabuwar, sassan da ke sarrafa layi da Bluetooth da wayifai na kamfanin masarrafa ne, suna nan da tsufansu.

Kuma kada a haɗa wannan da filashin da aka saba yi a kasuwa. Shi filashin yawanci mayar da tsohuwar manhajar kamfani ne don waya ta daina maƙalewa. Tana iya yin sauri, amma kwanan watan facin ba zai motsa ba. Idan mai gyara ya ce ya yi maka afdet, duba wurin nan a gabansa kafin ka biya. Ni dai shawarata, wanda yake da tsohuwar waya a ajiye kuma tana cikin jerin, ya gwada, zai koyi abubuwa da yawa. Wanda ita kaɗai gare shi, ana tsakiyar zangon karatu, ya bar ta yadda take.

To wanda wayarsa ta wuce duk wannan fa, kuma babu kuɗin sabuwa? Ya rage abin da zai yi asara idan aka shiga. Goge manhajojin da ba ka amfani da su, musamman na rance da na tsaftace waya da ke neman izinin komai. Kashe Bluetooth idan ba ka buƙata. Kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp da Gmail, ka sa wa layinka lambar sirri don ko an sace wayar a zare sim ɗin ba zai yi aiki a wata ba. Kwashe hotuna da takardun makaranta zuwa Google Drive ko kwamfuta. Idan facin ya haura shekara uku, ni ba zan bar manhajar bankin da ke riƙe da kuɗin makaranta a kai ba. Gara a mayar da sim ɗin bankin kan 'yar ƙaramar waya mai madannai a riƙa amfani da lambobin USSD, babbar ta zama ta karatu da kallo.

A wajen saye ake yin kuskuren tun farko. Mukan tambayi kyamara, da girman memori, da lafiyar batir, ba mai tambayar shekara nawa suka rage mata. Wayar hannu da aka kawo daga Landan ko Dubai tana iya sheƙi alhali saura 'yan watanni a daina kula da ita. iPhone 7 a iOS 15 ta tsaya, iPhone 8 da X kuma a iOS 16. Apple yakan ci gaba da jefo facin tsaro jefi-jefi, har 5s ta 2013 ta samu a Janairun 2023, amma hakan bai hana manhajoji gudunta ba.

A saman kasuwa abubuwa sun fara canzawa. Google ya yi alƙawarin shekara bakwai na sabuntawa tun daga Pixel 8 a 2023, Samsung ya bi sahu da Galaxy S24 a 2024. Tarayyar Turai kuma daga 20 ga Yunin 2025 ta kafa dokar da ta shafi sabunta babbar manhaja na aƙalla shekara biyar bayan an daina sayar da samfurin waya a kasuwarta. Waɗancan wayoyin ne za su zama na hannu a shagunanmu nan da shekara uku ko huɗu, da sauran kwanansu a gaba. Kafin lokacin, idan mai shago ya miƙo maka waya ya ce gwada kyamara, karɓa ka fara shiga About phone, sannan ka rubuta sunan samfurin a Google ka ga ranar da kamfanin ya ce zai daina.