Turare a Gwangwani: Yadda Zafin Assamakka Ya Koya Mana Lissafi

Wannan karon labarin turare muka kawo muku, amma ba na kwalba ba, ba kuma na kasko ba. Turare ne mai kauri kamar man shafawa, ana lakato shi da yatsa a goga a wuya ko bayan kunne. Mun sa kuɗin asusu a cikinsa, mun faɗi a karon farko, mun tashi a na biyu. Mun ga ya dace mu faɗa muku duka biyun, don kada wata ƙungiya ta sake biyan kuɗin karatun da mu muka riga muka biya.

Tsarabar da ta jawo magana

Abin ya faro ne daga tsaraba. Ɗaya daga cikinmu tana da ƙanen miji mai zuwa ƙasar Sin sayo kaya. Ya kawo mata ƴan gwangwanaye biyar a kwali guda, kowane bai wuce gwangwanin man zafi ba. Ranar zubi ta zo da su, muka yi ta miƙa wa juna muna shinshinawa har ma'ajiya ta ce a rufe a fara kiran suna.

Kowane gwangwani da alamarsa a murfi. Bayanin da ya yi mata shi ne, tun zamanin da Sinawa suna kasa al'amuran duniya gida biyar: itace, wuta, ƙasa, ƙarfe da ruwa. Wu Xing suke ce wa wannan lissafi. A ganinsu kowane yana haifar da na gabansa: itace na ciyar da wuta, wuta na barin toka ta zama ƙasa, a cikin ƙasa ake samun ƙarfe, ƙarfe na tara ruwa, ruwa kuma na raya itace. Masu haɗa turare sai suka ari wannan suka ba kowane ƙamshi gidansa.

Babbarmu a shekaru, wadda kowa ke ce wa Inna, ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce: "To ɗiyata, na itace na gane, na ƙasa ma na gane. Amma wace ce za ta shafa ƙarfe ta shiga ɗakin miji?" Aka yi ta dariya.

Da dariya ta lafa, abu biyu suka tsaya mana a rai. Na farko, wannan turare ba ya zubewa, ba ya fashewa, kuma babu alkol a ciki. Duk wadda ta taɓa sayo kwalabe daga Arlit ta san abin da kilomita wajen 200 na hanyar ke yi musu. Na biyu, da yake kowane gwangwani na da suna da labari, mai saye in ta ɗauki ɗaya sai ranta ya biya ga sauran. Wannan dabarar kasuwa ce, kuma ita muka ɗauka. Fahimtarsu ta duniya mun bar musu abinsu.

Ba baƙon abu ba ne a wurinmu

Da muka zauna muka duba, sai muka ga haɗa ƙamshi da mai ba Sinawa kaɗai suka san shi ba. Tun zamanin Fir'auna mutanen Masar ke jiƙa kayan ƙamshi a kitse da mai suna shafawa. Bint el Sudan da iyayenmu suka tashi da shi, wanda ake yi a Kano, turaren mai ne, ba alkol. Humra da matan Barno da Cadi da Sudan suka yi suna a kanta, da sandal da farce da miski ake haɗa ta. A nan Agadas kuwa ga batta ta fata, wadda ake ɗora wa zane da zaren kakin zuma kafin a rina, an daɗe ana ajiye kayan ƙamshi da na kwalliya a ciki. Kayan muna da su, hannun ma muna da shi. A cikinmu akwai wata baiwar Allah ƴar ƙasar Damagaram, tana cikin waɗanda aka maido daga Aljeriya, ta yanke shawarar zama a nan. Ta iya humra da turaren wuta tun tana budurwa. Ita ta zama malamarmu.

Ranar da kuɗinmu ya bi kwali

Kun san tsarinmu na Mata Masu Dubara, wanda ya faro a jihar Maraɗi a 1991: zubi duk mako, akwati mai makullai, bashi ga wadda ta nema, rabo a ƙarshen zagaye. Mu biyar muka haɗa kai muka ɗauki bashi ɗaya daga akwati. Muka aika aka sayo mana man kaɗe, da kakin zuma, da turaren mai, da gwangwanaye. Kaki ya yi mana tsada, sai muka ce a rage shi: awo ɗaya na kaki, awo uku na man kaɗe. Lokacin sanyi ne, da muka zuba ya daskare sumul, ga laushi ga ƙamshi. Muka ce shi ke nan, mun gano.

Ba mu sayar da yawa ba a nan, muka ajiye sauran sai an kusa salla a kai Arlit. Kafin nan bazara ta shigo. Muka jera su a kwali muka ba direba, ya ɗaure a saman mota. Ƴar uwar da ta tarbi kayan ta kira mu ta ce: "Yaya, me kuka aiko mini? Kwalin nan sharkaf yake da mai." Fiye da rabi sun narke sun bi ta gefen murfi. Waɗanda suka rage kuma da suka sake daskarewa sai suka yi tsaki-tsaki kamar an zuba gero, ba mai sayen su.

Zaman da ya biyo baya bai yi daɗi ba. Wasu suka ce tun da hatsari ne a yafe mana wani abu. Wasu suka ce kuɗin nan na kowa ne, har da wadda ke sayar da ƙosai ta tara dala-dala ta kawo. Gaskiya tana wurin na biyun. Muka biya bashin har da abin da ke kansa, daga aljihunmu, kafin ranar rabo. Wata a cikinmu sai da ta sayar da akuya. Ba mu ji daɗi ba, amma akwati bai yi giɓi ba, kuma ba wadda ta daina gaida wata.

Abin da ba mu sani ba a lokacin

Laifin ba na direba ba ne, namu ne. Man kaɗe zafin jikin mutum ma, digiri 37, ya isa ya narkar da shi. Shi ya sa yake bin fata da an shafa. Kakin zuma kuwa sai zafi ya kai digiri 62 zuwa 64 yake narkewa. A nan Assamakka da bazara zafin inuwa yakan wuce digiri 45, balle gwangwanin ƙarfe a saman mota da tsakar rana. Ashe kakin da muka rage don tsimi shi ne ƙashin bayan turaren. Awon da ya yi wa mutanen ƙasar sanyi daidai, a nan miya yake zama.

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Karo na biyu ba mu taɓa akwati ba. Muka yi ƴan gwangwanaye kaɗan da kuɗinmu, awo iri uku. Daga kowane iri muka ajiye ɗaya a ɗaki, ɗaya a jakar hannu ana yawo da shi, ɗaya muka roƙi direba ya je da shi Arlit ya dawo. Wanda ya dawo lafiya shi muka riƙe.

Yadda muke haɗawa yanzu

Awonmu shi ne: kaki awo biyu, man kaɗe awo biyu, turaren mai awo ɗaya. Da sanyi yana ɗan tauri, sai an murza yatsa a kai, amma da bazara yana tsayawa. Ku ma ku gwada a garinku kafin ku yarda da namu.

Ba a ɗora kaki kai tsaye a wuta, yana iya kamawa. Tukunya biyu ake yi: babba da ruwa a kan wuta, ƙarama a cikinta da kakin. In ya narke a sa man kaɗe a juya. Sai a sauke a ɗan jira kaɗan kafin a zuba turaren, don in an zuba shi a kan wuta ƙamshin da kika saya da tsada iska zai bi. A zuba a gwangwani tun bai fara kamawa ba, a bar shi a wuri mai sanyi. Mu da asuba muke aikin, don in ya huce da sauri ba ya yin tsakin nan.

Kada ɗigon ruwa ya shiga, gwangwani da cokali su bushe ƙarau. A shinshina man kaɗe kafin a saya. In ya tsufa ko warin hayaƙi ya yi masa yawa, ba turaren da zai rufe shi. In ana son ƙamshin gajiji ko garin sandal, a jiƙa su cikin man da ɗumi-ɗumi, a tace da ƙyalle mai tsabta. Kanumfari da kirfa a yi hankali da su, suna ƙona fatar wasu. Duk sabon haɗi, ɗayanmu takan shafa kaɗan a cikin hannu ta kwana da shi. In ya yi ja ko ƙaiƙayi, ba ya fita kasuwa. Ba ma sayar da shi don jarirai, kuma muna faɗa wa mai saye kada ya kusanci ido.

Namu biyar ɗin

Da muka zo sa suna, muka tuna da maganar Inna. Mai saye a nan ba ta tambayar wane gida ƙamshi ya fito, tambayarta ina za ta da shi. Sai muka raɗa namu: Amarya, mai nauyi irin na humra, Uwargida, na sandal, mai kwanciyar hankali, Damina, na gajiji, mai tuna wa mutum ƙamshin ƙasa in ruwan fari ya sauka, abin da mu nan muke daɗewa ba mu ji ba, Juma'a, na miski, da Matafiyi, wanda muka fi ƙara wa kaki.

Abin mamaki, waɗanda ba mu sa a lissafi ba su suka fi saye: maza. Direbobin da ke bin hanyar Arlit da In Gezzam da Tamanrasset suna son abin da za su jefa a aljihu ba ya fashewa, su shafa in za su masallaci. Mu da muka sa rai da matan ma'aikatan ma'adinai, sai muka iske tun da aka rufe COMINAK a ƙarshen Maris 2021 gidaje da yawa a Akokan sun rage sayen kayan ƙawa. Shi ya sa muka koma ƙaramin gwangwani mai sauƙin kuɗi, muka bar babba sai an yi oda don lefe.

A buɗe kaye

Ga lissafin da muke so kowace ƙungiya ta yi kafin ta taɓa akwati. A ce kaya sun ci jikka 10, kuɗin mota da gawayi jikka 2, kin samu gwangwani 40. Kowane ya tsaya miki dala 60. In kin sayar dala 100, ribarki jikka 8, in duk sun fita. In 10 suka narke, riba ta koma jikka 3. In kuma kika ba da 6 bashi ba a biya ba, kin tashi ba ko dala, wahalar tashin asuba ta tafi a banza. Ba a ma sa abin da ke kan bashin akwati ba.

Don haka muka kafa wa kanmu doka uku. Ba a ɗaukar kuɗin asusu don sana'ar da ba a gwada ta da kuɗin aljihu ba. Ba a haɗa abin da ya wuce wanda za a sayar a wata ɗaya. Ba a aika kaya da rana a saman mota. A naɗe a tsumma a sa ƙarƙashin kujera, a faɗa wa direba abin da ke ciki.

Yau mu biyar ɗin muna biyan zubinmu daga wannan turare, wadda ta sayar da akuya ta maida gurbinta, malamarmu kuma ta kama ɗakin haya nata. Ba arziki muka yi ba, amma ba mu jiran kowa ranar zubi. Duk ƙungiyar da ke son koyo, ta aiko mata biyu, su zo da kakinsu da gwangwanayensu, su zo kuma da kaye da bik. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya sa albarka a akwatunanmu, ya kai mu ranar rabo lafiya.