Lambu a Tsagaggiyar Tukunya

A Dawakin Tofa, garin maginan tukwane, mun daina jefar da tukunyar da gindinta ya tsage. Ta tsagar nan rarar ruwa ke fita, saiwa ba ta ruɓewa. Mukan cika ta da ƙasa da busasshen takin awaki, mu roƙo reshen na'ana'a a maƙwabta, mu zage ganyen ƙasa, mu soka, mu ajiye a inuwa. Ruwan alwala ya ishe shi. Na wanki kuwa, a kiyaye. Cikin mako biyu ya kama.

Zogale ma reshe ake kafawa, farkon damina.

Sai dai akuya! Bara, muna makaranta, ta cinye mana shukar tukwane uku. Yanzu ƙaya muke kewaya musu.