Gyatsa da Amai a Turanci: Wace Kalma, a Wane Wuri?

Filin Turanci na wannan makon zai taɓo kalmomin da ake jin nauyin tambayar malami a aji, alhali muna cin karo da su a finafinai da Facebook, har ma a jikin kwalaben maganin feshi.

Mu fara da namu harshen. Bahaushe yana da amai, yana da haraswa idan yana son sakayawa a gaban manya. Yana da tumbuɗi na jariri, da kumallo, da tashin zuciya, da gyatsa. Kowace kalma da muhallinta. Haka Turanci yake: akwai kalmar asibiti da jarrabawa, akwai ta hirar gida, akwai kuma ta majalisar samari, wadda Turawa ke kira "slang".

Gyatsa tana da manyan kalmomi biyu. "Belch" tsohuwa ce, tushenta yana cikin Turancin da aka yi fiye da shekara 1,000 da suka wuce, kuma ta fi nuna gyatsa mai ƙara. "Burp" kuwa ƙaramar yarinya ce, a Amurka ta bayyana cikin ƙarni na 20, an ƙirƙiro ta ne daga kwaikwayon sautin gyatsar. Ita ce ta fi laushi, da ita ake cewa uwa ta bubbuga bayan jariri ya yi gyatsa. Gyatsa dai iska ce da muka haɗiya wajen ci da sauri, ko gas ɗin lemon kwalba, take neman hanyar fita. A wurinmu mutum kan yi gyatsa ya ce alhamdulillahi, ba wanda zai ɗaga kai. A wurin Bature sai ka rufe baki ka ce "excuse me".

Amai ya fi yawan sunaye. "Vomit" daga Latin ta fito, ita ce ta likita da littafin Bayoloji, kuma ita za ka rubuta a WAEC da NECO. "Throw up" ta hirar yau da kullum ce, ba laifi a faɗe ta gaban kowa. Daga nan sai na majalisa: "puke", "barf", "hurl", "spew" da "chunder". Amurkawa ne suka fi cewa "barf", mutanen Ostireliya kuma "chunder". "Puke" ta daɗe a duniya, domin Shakespeare ya yi amfani da ita wajen shekarar 1600 a wasansa As You Like It, inda yake siffanta jariri. Duk da wannan tsufa, har yau ba ta da kyan ji a gaban manya. Ka san su don ka gane fim, amma kada ka saka su a wasiƙar neman izini zuwa ga shugaban makaranta.

Akwai tarko guda da ya kamata mu lura da shi. Mu a nan idan muka ce "I was sick", muna nufin ba mu da lafiya. A Ingila wannan jimla kan nufi "na yi amai", haka kuma "I feel sick" na nufin "zuciyata na tashi". Kalmar likita ta tashin zuciya ita ce "nausea", wadda asalinta kalmar Girkanci ce mai nufin jirgin ruwa, saboda jirin da ke kama matafiya a teku. "Retch" kuma yunƙurin amai ne ba tare da wani abu ya fito ba.

Me ya sa wannan ya shafe mu? Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwanta ke ciyar da noman rani a Kura da Bunkure da Garun Malam. Shinkafa, alkama, tumatir da albasa duk suna tafiya da maganin feshi, bayanin da ke jikin kwalba kuwa yawanci da Turanci yake. A gidaje da yawa, ɗan makaranta ne ake miƙa wa kwalbar ya karanta wa Baba. A jikin da yawa daga cikinsu za ka ga an rubuta "do not induce vomiting". Ma'anarsa: kada a tilasta wa wanda ya sha maganin yin amai. Dalili shi ne gubar na iya sake ƙona maƙogwaro wajen fitowa, ko ta faɗa cikin huhu. Saboda haka ɗura manja ko sa yatsa a maƙogwaro na iya ƙara ɓarna. Abin yi shi ne a garzaya asibiti da mutumin tare da kwalbar, don ma'aikatan lafiya su ga irin maganin.

Haka nan, wanda ya dawo daga feshi yana amai da jiri da zufa da dalalar miyau, kada a ce zafin rana ne kawai. A cire masa kayan da ya yi feshin da su, a wanke jikinsa da sabulu, a kai shi asibiti. Idan kuma amai ya haɗu da gudawa kamar ruwan shinkafa, alamar kwalara ke nan: a fara ba shi ruwan gishiri da sukari a kan hanyar asibiti.

Aikin gida: ka nemi Baba ko Yaya ya nuna maka kwalbar feshi da ke rufe, ka karanta sashen "first aid" ba tare da ka buɗe ta ba, ka fassara wa mutanen gida, sannan ka wanke hannu. Kalmar da ta gagare ka, rubuto ta ka jefa a akwatin ƙungiyar 'yan jarida. Za mu kawo amsa a fitowa ta gaba, in Allah ya yarda.