Lambar da ba ta rabuwa

Ƴan uwa manoma da makiyaya na Tagris, ga wata tambaya. A ce ƙungiyarku ta samu tiya 97 ta hatsi. Kuna so kowa ya samu daidai, ba tare da an fasa tiya ba. In ku 2 ne, guda ta yi saura. In ku 5 ne, 2 sun yi saura. In ku 10 ne, 7 sun yi saura. Nan ne gardama take tashi, a ce mai rabo ya ci amana. Alhali ba laifinsa ba ne, halin lambar ne.

Lambobi iri biyu ne. Akwai masu rabuwa, kamar 12: tana rabuwa gida 2, 3, 4 ko 6. Akwai masu ƙin rabo: 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, 19. Kowace ba ta rabuwa sai da 1 ko da kanta. 97 tana cikinsu. Lamba 1 ba a sa ta ko ɗaya daga cikin biyun.

Yaya ake gane su? In lambar ba ta wuce 100 ba, a gwada raba ta da 2, 3, 5 da 7. In duk an samu saura, ba ta rabuwa. A yi hattara da 91: kamar ba ta rabuwa, amma 7 sau 13 ce.

Waɗannan lambobi ba su da iyaka. Wani malami, Uƙlidis, ya tabbatar da haka a Iskandariyya ta Misira, wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa.

Wasunsu suna da hanyar nema ta musamman. A riƙa ninka 2: 4, 8, 16, 32. A cire 1 daga kowace: 3, 7, 15, 31. To, 3, 7 da 31 ba su rabuwa, amma 15 tana rabuwa. Masu ƙin rabo na wannan jeri ana kiran su da sunan Mersenne, wani malamin Faransa da ya rasu a 1648.

A watan Oktoba na 2024, wani Ba'amurke, Luke Durant, ya gano wata ta wannan jeri da kwamfutoci masu yawa. Ba a taɓa samun mai girmanta ba kafin nan. Ƙwayoyin lambarta sun kai 41.024.320. Mai rubuta ƙwaya ɗaya kowace daƙiƙa, dare da rana, sai ya wuce shekara guda da wata uku bai gama ba.

Manyan lambobi masu ƙin rabo suna cikin makullan sirri da ke tsare kuɗin mutane a banki da intanet. Mu kuwa amfaninmu yana kusa: kafin rabo, a yi lissafi, a shirya inda saura za ta tafi, kowa ya ji.

Aikin makaranta: tsakanin 51, 53, 87 da 89, waɗanne ne ba su rabuwa? Ku gwada da tsakuwa, ku kai wa malaminku amsa.